Kyamara a Hannun Ɗalibi: Bin Sawun Hausawa Daga Agege Zuwa Tsibirin Legas

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Ɗalibin Hausa yakan ji a aji cewa fatake sun kai harshen Hausa har bakin teku, amma sau da yawa ba ya fita ya ga sawun da suka bari, ko da kuwa wurin bai wuce tafiyar motar haya guda ba. Birnin Legas, wanda Hausawa ke kira Ikko daga sunan Eko na Yarbanci, cike yake da irin wannan sawu. Matsalar ita ce sawun yana shafewa da sauri, domin Legas gari ne da kullum ake rushe tsoho a gina sabo.

Wannan maƙala za ta yi bayanin wuraren da ɗalibi zai ziyarta idan yana son ya ga tarihin Hausawa a Legas da idonsa, da abin da ya kamata ya ɗauki hotonsa, da kuma yadda zai yi aikin har hoton ya zama hujjar da za a iya amfani da ita nan gaba.

Me Ya Kawo Hausawa Legas?

Kafin a ɗaga kyamara, wajibi ne a san abin da ake nema. Abubuwa uku ne suka fi tara Hausawa a wannan gari: aikin soja, da cinikin goro, da hanyar jirgin ƙasa.

Turawan Ingila sun karɓe Legas a shekarar 1861. A 1863 John Glover ya kafa wata 'yar runduna wadda akasarin mutanenta masu jin Hausa ne, da yawansu kuwa bayi ne da suka gudo daga iyayen gijinsu a ƙasar Yarbawa. An riƙa kiran su Hausawan Glover, kuma daga wannan runduna ne sojan Nijeriya ke lissafa asalinsa.

Goro kuwa, a da can daga Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, fatake ke ɗauko shi a kan jakuna zuwa Kano da Sakkwato. Bayan Turawa sun ci Ashantawa da yaƙi a 1874, sai kasuwar Salaga ta fara ja da baya, 'yan kasuwa suka koma ɗauko goro ta jirgin ruwa zuwa Legas. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi wannan fatauci ta ruwa a farkon ƙarni na 20. Daga baya manoman Agege da Ota da Shagamu suka dasa irin wannan goro a gonakinsu. Har yau Yarbawa suna kiran sa "gbanja", wato dai Gwanja ce ta shiga bakinsu.

Jirgin ƙasa shi ya ɗaure waɗannan abubuwa wuri ɗaya. An fara shimfiɗa hanyarsa daga Legas a 1896, ta isa Ibadan a 1901, zuwa 1912 kuma an haɗa Legas da Kano. Agege tana kan wannan hanya, ga kuma gonakin goro kewaye da ita. Saboda haka goro ya riƙa hawa Arewa, shanu suna gangarowa Kudu, zango kuma ya kafu kusa da tasha.

Zango na Farko: Agege

Wanda ya zo Agege yana neman ganuwa irin ta Kano ko hasumiya irin Gobarau ta Katsina zai koma hannu rabbana. Baƙi 'yan kasuwa ba su gina fada ba. Tarihinsu yana cikin ƙananan abubuwa, kuma su ya kamata ɗalibi ya sa wa ido.

Na farko shi ne gidan maigida, wato mai saukar da fatake. Irin wannan gida yana da zaure ko baranda ta hira a gaba, da ɗakunan baƙi a jere, da ɗakin ajiyar kaya. A nan baƙo ke kwana, a nan dillali ke haɗa shi da mai saye ya karɓi la'ada. Idan aka sami tsohon gida irin wannan, a ɗauki fuskarsa daga waje, a ɗauki ƙofofinsa da tagoginsa na katako, sannan a tambayi sunan wanda ya gina shi da garin da ya fito.

Na biyu shi ne aikin goro kansa: yadda ake ɓare shi, da wanke shi, da tsince mai tsutsa, da jera shi cikin ganye a ɗaure huhu, da ƙidaya shi ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya goro 100. A wannan aiki ne ake ganin mata Yarbawa da 'yan kasuwa Hausawa suna ciniki da harsuna biyu. Hoton hannuwa suna ɗaurin huhu ya fi hoton buhunan da aka jibge bayani. Haka kuma akwai kwatar Oko-Oba, babbar mayankar Legas, inda shanun Arewa ke ƙare tafiyarsu.

Na uku shi ne wuraren ilimi da ibada. Fitacce a cikinsu shi ne Markaz, makarantar Larabci da addinin Musulunci wadda Shehu Adamu Abdullahi al-Ilori ya kafa a Abeokuta a 1952, daga baya ya dawo da ita Agege, inda ya zauna har rasuwarsa a 1992. Ban da ita akwai ƙananan masallatan unguwa da makarantun allo, waɗanda ba kasafai ake rubuta tarihinsu ba.

Na huɗu, wanda ya fi shafar mu ɗaliban harshe, shi ne allunan sunaye. Akwai wurin da ake kira Moshalashi Alhaja a Agege, kalmar "moshalashi" kuwa masallaci ce Yarbanci ya ara daga Hausa, kamar yadda zango ya zama "Sango" a sunan Sango Ota. Akwai kuma unguwanni irin su Papa Uku da Tabon-Tabon, waɗanda kunnen mai jin Hausa ba zai wuce su bai tsaya ba. A ɗauki hoton allon, a nemi dattawan Hausawa da na Yarbawa, a rubuta abin da kowane ɓangare ya faɗa game da asalin sunan. Allunan shaguna ma abin ɗauka ne, musamman waɗanda aka haɗa Hausa da Yarbanci da Ingilishi, ko aka yi da ajami.

Zango na Biyu: Ebute Meta

Daga Agege ana iya shiga jirgin ƙasa na cikin gari, wanda aka ƙaddamar a 2024, a sauka a Oyingbo. Nan kusa ne harabar hukumar jiragen ƙasa ta Ebute Meta take, a cikinta kuwa akwai Gidan Jaekel, bene mai faffaɗar baranda wanda aka gina a 1898. Ƙungiyar Legacy ta gyara shi a 2010 ta mai da shi ƙaramin gidan tarihi, inda aka ajiye tsofaffin hotuna da kayan aikin jirgin ƙasa. Ziyarar wannan gida tana da amfani biyu: ɗalibi zai ga injin da ya sauya fataucin Hausawa, zai kuma ga da idonsa darajar hoton da wani ya ɗauka shekaru masu yawa da suka wuce ya adana. A cikin unguwar kuma akwai titin Kano da titin Barno da titin Jebba, sunayen da ke tuna wa mai wucewa cewa hanyar da ta tashi daga nan Arewa ta nufa.

Zango na Uku: Tsibirin Legas

Idan aka haye gadar Carter, wadda aka fara ginawa a 1901, an shiga tsohon gari. A titin Martins akwai Masallacin Shitta-Bey, wanda aka buɗe a 1894. Attajiri Muhammadu Shitta ne ya biya kuɗin gininsa, magina 'yan asalin Afirka da suka dawo daga Barazil suka yi aikin da salon gininsu. Sarkin Daular Usmaniyya, Abdulhamid na Biyu, ya ba shi sarautar Bey ta hannun Abdullahi Quilliam, wani Bature Musulmi daga Liverpool ta Ingila. Masallacin ba na Hausawa kaɗai ba ne, amma yana nuna irin al'ummar Musulmi da baƙi daga Arewa suka tarar suka shiga cikinta.

Daga nan sai Dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa inda aka ɗaga tutar Nijeriya ranar 1 ga Oktoba, 1960. Kusa da shi, a Onikan, akwai Gidan Tarihi na Ƙasa wanda aka buɗe a 1957. A ciki aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, da hudojin harsashi a jikinta. Gaba kaɗan sai Obalende, unguwar da tarihinta ya haɗu da na sojojin zamanin Turawa, waɗanda da yawansu Hausawa ne, da kuma Barikin Dodan, mazaunin shugabannin mulkin soja kafin a mai da babban birni Abuja a 1991.

Dalilin Gaggawa

Mai karatu zai iya cewa, ai wuraren suna nan, me ake ci na sauri? Misali ɗaya ya isa amsa. A Dandalin Tinubu akwai wani gida da ake kira Ilojo Bar, ginin salon Barazil na tsakiyar ƙarni na 19, wanda gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956. A watan Satumba na 2016 aka rushe shi. Yau hotuna da zane-zane kaɗai suka rage. Tsohon Babban Masallacin Legas na 1913 shi ma an rushe shi, aka gina sabon da aka buɗe a 1988. To, idan ginin da doka ta kare ya tafi haka, ina ga gidan mai saukar da fatake wanda babu sunansa a kowane littafi?

A Agege kanta an buɗe gadar sama ta Pen Cinema a 2021, a shekarar kuma sabon jirgin Legas zuwa Ibadan ya fara aiki da sabuwar tasharsa. Ayyuka ne masu amfani, amma sun sauya fuskar garin, kuma rumfuna da gine-gine da dama na bakin hanya sun kau. Dattawan da suka san wane ne ya fara zama a ina su ma suna raguwa.

Yadda Ake Ɗaukar Hoton

Ba sai da babbar kyamara ba, wayar hannu ta wadatar in an kiyaye wasu ƙa'idoji.

Da farko, a nemi izini. Baƙo makaho ne ko da yana da ido. A fara da gaida Sarkin Hausawa ko mai unguwa ko shugaban kasuwa, a nuna katin makaranta, a faɗi manufar aikin, a roƙi a haɗa mutum da ɗan rakiya. Mazauna waɗannan unguwanni ba su manta rikice-rikice irin na Idi-Araba a 2002 da na Mil 12 a 2016 ba, don haka suna da hujjar yin taka-tsantsan da baƙo mai kyamara. Kada a ɗauki mata ko yara ba da yardar masu gida ba, kada a ɗauki masallaci ana cikin salla, kada kuma a nuna kyamara ga bariki ko shingen jami'an tsaro. A gidan tarihi da tashar jirgi a tambayi ma'aikata tukuna.

Na biyu, a lura da haske. Da hantsi da kuma bayan la'asar rana takan zo ta gefe, ta fito da zanen bango da sassaƙar ƙofa. Da tsakar rana inuwa takan rufe fuskoki. Rana ta kasance a bayan mai ɗauka. Watannin Yuni da Yuli ruwa ya fi yawa a Legas, a Disamba da Janairu kuwa hazo kan dushe hoton nesa.

Na uku, kowane wuri a yi masa hoto uku: na nesa wanda zai nuna gini da maƙwabtansa, da na tsakiya wanda zai nuna fuskarsa, da na kusa wanda zai nuna rubutu ko shekarar da aka zana a bango. A bar mutum ko ƙofa a cikin hoton domin a gane girman abin.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, a rubuta bayani nan take: rana da wata da shekara, sunan titi, sunan wurin da Hausa da Yarbanci, da abin da aka ji daga bakin wa. Hoton da ba shi da bayani, bayan shekara 20 ba mai iya cewa Agege ce ko Sabon Ibadan. J.D. Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar hotunan kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara kusan 1,000. Abin da ya ƙara wa aikinsa daraja shi ne haƙurin bin abu ɗaya shekara da shekaru, tare da kula da sunan kowane kitso.

Na biyar, a adana. Waya takan ɓata, danshin Legas kuma yakan sa hoton takarda ya yi fumfuna. A ajiye kwafi a kwamfuta, wani a intanet, a miƙa wani ga sashen Hausa. A kuma wanke 'yan kaɗan a kai wa mutanen da aka ɗauka, domin wannan ladabi shi zai buɗe wa ɗalibin da zai zo baya ƙofa.

A ƙarshe, a yi adalci wajen zaɓen abin ɗauka. Idan mabarata da kwatami kaɗai aka ɗauko, an tauye unguwar da ke da malamai da attajirai da teloli da mahauta da 'yan boko, waɗanda wasunsu kakanninsu ma a nan aka haife su.

Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa sojan Glover da goron Gwanja da jirgin ƙasa su ne suka dasa Hausawa a Legas, kuma shaidar hakan tana nan warwatse daga Agege zuwa Obalende. Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, kowane rukuni na mutum uku ko huɗu ya zaɓi titi ɗaya a hutun zango mai zuwa, ya ɗauko hoto 30 masu cikakken bayani. Idan aji ɗaya ya yi haka kowace shekara, kafin 'yan aji ɗaya na bana su kammala digiri sashenmu zai mallaki taskar da masu bincike za su zo nema. Allah ya ba mu ikon yi, amin.