Gidan Tarihin Baburan Ƙanƙara da Ake Shirin Tayarwa

A makon da ya gabata ne na samu wasiƙa daga wani ƙaramin gidan adana kayan tarihi da ke garin da nake aiki a arewacin Amurka, dab da iyakar Kanada, inda suke sanar da cewa an sayar da ginin da suke haya, an kuma ba su wa'adin kwashe komatsansu. Abin da suke adanawa shi ne tsofaffin baburan da ke tafiya a kan dusar ƙanƙara, kuma masu kula da wurin 'yan sa-kai ne, akasarinsu dattawan da suka yi ritaya, ba su da albashi balle riba.

Ga mai karatun da bai taɓa ganin wannan na'ura ba, sai ya ƙiyasta babur wanda aka cire masa tayoyi, aka sa masa sanduna biyu masu zamiya a gaba, a baya kuma aka sa bel mai haƙora irin na tankar yaƙi. Da shi ake ratsa ƙanƙarar da kan rufe hanyoyi na tsawon watanni.

Da farko na yi niyyar ajiye wasiƙar gefe, ina ce wa kaina: a duniyar da wasu ke kwana da yunwa, me ya kai ni ba da kuɗi don tsofaffin ƙarafa? Amma da na tuna yadda aka samo wannan na'ura, sai jikina ya yi sanyi. A lokacin hunturun 1934, a ƙauyen Valcourt da ke lardin Kubek na ƙasar Kanada, ɗan wani bakanike mai suna Joseph-Armand Bombardier ya kamu da matsanancin ciwon ciki, ƙanƙara kuma ta toshe hanyar asibiti, har yaron mai shekara 2 ya cika. Wannan rashi ne ya ƙara wa uban himma, inda a 1937 ya yi rajistar fasahar bel ɗinsa, ya kuma fito da motar ƙanƙara mai ɗaukar mutum 7, wadda likitocin karkara na cikin waɗanda suka fara saye. A 1959 ya fito da ƙaramin babur mai suna Ski-Doo. Tun kafin haka, a 1924, Carl Eliason ya haɗa nasa a garin Sayner na jihar Wiskonsin. Ashe dai larura ce ta haifi abin, kafin daga baya ya zama na wasa da tsere.

To, sai a ce ai manyan kamfanoni za su iya adana tarihinsu. Haka ne, domin tun 1971 akwai gidan tarihin Bombardier a Valcourt. Sai dai a farkon shekarun 1970 kamfanoni fiye da 100 ne ke ƙera waɗannan babura, ciki har da John Deere mai taraktocin noma da Harley-Davidson. Rikicin man fetur na 1973 da ƙarancin ƙanƙara a wasu shekaru suka karya kasuwar, aka wayi gari saura 'yan ƙalilan. Kamfanin da ya mutu kuwa ba shi da magajin da zai gina masa gidan tarihi. Irin su Rupp da Scorpion da Sno-Jet, in ba a ɗakunan 'yan sa-kai ko garejin masu sha'awa ba, da wuya ka gan su.

Alal haƙiƙa, tayar da irin wannan gida ba ƙaramin aiki ba ne. Yawancin baburan ba sa tashi, sai an ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan tirela. Dole sabon wurin ya kasance busasshe, domin laima ita ce babbar abokiyar gabar ƙarfe, roba da fatar kujera. Ga kuɗin inshora, ga na ɗumama gini. Abin da ya fi tayar wa dattawan hankali shi ne, da yawa daga cikin baburan aro aka ba su. Muddin aka daɗe babu matsuguni, kowa zai zo ya ɗauki nasa, wasu su ƙare a wajen gwanjo, littattafan gyara da hotuna su ruɓe a cikin kwalaye. Abin da aka tara a shekaru sai ya watse a wata guda, kuma ruwan da ya zube ba ya kwasuwa.

Duk da haka akwai abin da ke ƙarfafa gwiwa. A ƙauyen Naubinway na jihar Mishigan, 'yan sa-kai sun buɗe irin wannan gida a 2007 cikin wani ƙaramin gini, da ya yi masu kaɗan suka shiga neman gudummawa har suka koma sabon gini a bakin babbar hanya a 2013. Da ɗan abin da jama'a suka bayar aka yi, wannan ya kawo kuɗi, wancan ya kawo ƙarfinsa.

Saboda haka na aika masu da dala 50, na kuma sa sunana cikin masu ɗaukar kaya ranar Asabar. Na san kuɗin ba za su biya ko hayar mako guda ba, kuma ban rage komai daga abin da na saba aikawa gida ba. Amma na ga yadda wani dattijo ya tsaya gaban wani jan babur yana nuna wa jikarsa irin wanda mahaifinsa ke kai shi makaranta a kai, yarinyar kuwa ta ƙura ido tana saurare. Idan aka rufe gidan, wannan hira ba ta da inda za a sake yin ta. Da hannu da yawa ake ɗaukar jinka, ni ma na miƙa nawa.