Lambar oktan: wane fetur ya dace da motarka?

A gidajen mai na Amurka za ka ga lambobi a jikin famfo: 87, 89, 91 ko 93. A Turai kuma 95 da 98. Waɗannan su ne lambobin oktan. Mutane da yawa na ɗauka cewa fetur mai babbar lamba ya fi ƙarfi, amma ba ƙarfi lambar ke aunawa ba.

A cikin silinda, fistan na matse gaurayen iska da fetur, sai fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta bazu a hankali. Idan zafi da matsi suka yi yawa, ragowar gaurayen kan kama da kansa kafin wutar ta iso gare shi. Fashewar nan ce ke ba da ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe, kuma in ta daɗe tana iya lalata fistan. Oktan ma'auni ne na juriyar fetur ga wannan kamawa. Ana gwada shi da sinadarai biyu: aiso-oktan mai juriya sosai, wanda aka ba 100, da heftan mai saurin kamawa, wanda aka ba 0.

To wanne za ka sha? Wanda kamfanin motar ya rubuta a littafinta ko cikin murfin tanki. Inji mai matsi sosai, musamman mai turbo, yakan buƙaci babbar lamba. In ka zuba masa ƙasa da haka, na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasa za ta sa kwamfutar motar ta jinkirta tartsatsi. Injin zai tsira, amma ƙarfi zai ragu, shan mai ya ƙaru. Motar da 87 ta ishe ta kuwa, zuba mata 93 asarar kuɗi ce kawai.

Sai dai a kula, ma'aunin Amurka daban yake da na Turai, wato RON. Fetur mai 87 a Amurka ya yi kusan 91 a RON. Wannan ya shafe mu, tunda da yawa daga cikin motocinmu daga can ake shigo da su, kuma gidajen mai a Najeriya galibi fetur iri ɗaya suke sayarwa. Don haka kafin ka biya kuɗin mota, leƙa murfin tankinta tukuna.