Suna ɗaya sau biyu a littafin bashi: a duba kafin a goge

Duk wanda ya san Babbar Kasuwar Yamai, ko Katako, ko Wadata, ya san ciniki da bashi tare suke tafiya. Mai atamfa ta ba da turmi a biya ƙarshen wata, ɗan sari ya sauke buhunan shinkafa a rubuta. A da littafi da biro suke riƙe wannan amana, amma yanzu ƴan kasuwa da dama sun miƙa lissafin ga ƴaƴansu ƴan lakol, su kuma suna zuba shi cikin Excel a kwamfuta ko a salula. Abin ya kawo sauƙi, sai dai akwai wata matsala da muke son jawo hankalin ƴan uwa a kanta, wato suna ɗaya ya fito sau biyu ko uku a jerin sunayen masu bashi.

Ba ƴan kasuwa kaɗai abin ke sama ba, har gwamnati. Kafin zaɓen 21 ga watan Fabrairu na 2016, masanan ƙungiyar ƙasashe masu amfani da harshen Faransanci, OIF, sun binciki kundin masu zaɓe na Nijar, suka ba da shawarar a cire kimanin mutane 25,000 da aka rubuta sau biyu, da rumfunan zaɓe wajen 300 da babu su a zahiri. In kundin ƙasa, da ma'aikatansa da kuɗinsa, bai tsira ba, ina ga littafin mai rumfa?

To amma mu lura, ba kowane maimaici ne kuskure ba. Mu ɗauka an ga sunan Mariama sau biyu, kowanne da jikka 15 a gabansa. Mai yiwuwa yaro ya rubuta bashi ɗaya sau biyu, in aka bi ta jikka 30 an zalunce ta, an kuma rasa mai saye. Mai yiwuwa sau biyu ta ɗauki kaya, in aka goge ɗaya jikka 15 ta bi ruwa. Mai yiwuwa kuma Mariama biyu ne, ɗaya a Yantala, ɗaya a Talladje. Haka ma a adashi, mai hannu biyu dole sunanta ya fito sau biyu, kuma haƙƙinta ne. Kwamfuta ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, haruffa kawai take gani.

Akwai kuma akasin haka. A ƙasarmu suna ɗaya na da rubutu iri-iri: Mahamadou, Mahamadu, Mohamadou. Mutum ɗaya ne, amma na'ura za ta ɗauke shi mutum uku, bashinsa ya warwatse ba a ga jimlarsa ba.

Tun daga Excel na 2007 akwai maɓallin da ake kira "Supprimer les doublons". Aikinsa shi ne ya bar layi na farko ya share sauran masu kama da shi. In aka ce ya duba suna kaɗai, zai share layin Mariama na biyu har da kuɗin da ke gabansa, ba tare da ya tambayi kowa ba. Gara a yi amfani da "Valeurs en double" da ke cikin "Mise en forme conditionnelle", wanda ke shafa wa sunayen da suka maimaitu launi kawai, sannan mai dukiya ya zauna ya duba su ɗaya bayan ɗaya.

Shawararmu ga iyayenmu mata da alhazan kasuwa ita ce a ƙara jeri uku kusa da suna: lambar waya mai alƙaluma 8, ranar da aka ɗauki kaya, da lambar rasiɗi. Sai duka sun yi daidai sannan a ce an rubuta sau biyu. A ajiye kwafi kafin a goge komai, kuma kada a jefar da tsohon littafi, domin shi ne shaida ranar da gardama ta tashi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu da cin haƙƙin wani.