Dakalin Baƙaƙe A Makarantarmu

 A wannan mako ina so in ba ku labarin wani gini da mu ka yi a makarantar da ni ke koyarwa, domin watakila wata daga cikinku ta ga abin ɗauka.

Da na fito daga kwalejin horon malamai aka ba ni aji biyu. Ban yi wata guda ba na gane yarana suna rera a, ba, ca kamar waƙa, amma in ka nuna musu baƙi ɗaya a allo sai su yi zuru. Abin da ya fi ba su wuya shi ne baƙaƙen nan masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda aka shigo da su cikin rubutun boko a shekarun 1930 don a bambanta kafa da ƙafa, baki da baƙi. Ran nan wata yarinya ta karanta mini cewa Sarki ya shiga faɗa, alhali kuwa fada ya shiga. Ajin ya fashe da dariya, ita kuwa ta yi mako ba ta sake buɗe baki ba. Littattafai kuma ba su kai ga kowa ba, ga shi da an tashi daga makaranta yawancin 'yan matan sai ɗaukar talla.

To, sai na tuna da gidajen cikin birnin Zariya da Kano da Damagaram, yadda magina ke tayar da zane a bangon zaure, dagi ya yi tudu har mutum ya iya bin sa da yatsa. Na ce a raina, wanda ya iya tayar da dagi ai ba zai kasa tayar da ƙ ba.

Hedimasta ya yarda. Mu ka zaɓi gindin darbejiyar da ke bakin ƙofa, inda masu talla ke zama. Nan fa gardama ta tashi. Yara su ka ce a gina musu babban aku, irin na Magana Jari Ce ta Alhaji Abubakar Imam, gama na sha ba su labarinsa. Ni ma na so haka, ba zan ɓoye muku ba. Amma wani dattijo daga cikin iyayen yara ya zo ya ce, "Malama, 'yata, in kin kafa mutum-mutumin abu mai rai a ƙofar makaranta, gobe rabin yaran nan ba za su zo ba." Na ji zafi a ranar, daga baya na ga gaskiyarsa. Me zan yi da aku in babu mai karatu? Sai mu ka shirya a kan dakali mai kewaye bishiya, da jingina mai siffar allo, baƙaƙe da wasula su bi ta a jere, dagi a tsakiya.

Magini ɗaya kaɗai mu ka biya, shi ya jera tubali. Sauran aikin na mata ne da yara. Aka kwaɓa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa, aka bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. Kowane yaro ya murza ƙasa kamar igiya, ya lanƙwasa ta, ya manna baƙin da sunansa ya fara da shi, tsawonsa kamar kamu ɗaya. Kai, ku zo ku ga yadda su ka yi ta musu a kan inda ƙugiyar ɗ ke fuskanta! Abin da na yi wata uku ina faɗa da alli bai shiga ba, ga shi sun koya wa juna shi da hannu cikin laka.

Sai dai na yi wauta ɗaya. Gaggawa ta sa na shafa farar ƙasa da shuni na ce an gama. Ruwan fari da ya sauka ya wanke rabin baƙaƙen, b da ɓ su ka koma abu guda. Ina tsaye ina kallo kamar in yi kuka, sai wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ta ce, "Yarinya, a kwalejin taku ba a koya muku makuba ba?" Lalle ba a koya mana ba. Ita ta nuna mana yadda a ke jiƙa ɓawon ɗorawa har ruwan ya yi ja wur, a yayyafa a bi da shi, kamar dai yadda iyayenmu ke yi wa daɓe. Magini kuma ya ce a dā laso a ke yi wa bangon da ke shan ruwa, watau katsi na marina da gashin jima da dafara, amma yanzu samunsa sai an sha yawo. Mu ka tsaya ga makuba, mu ka ɗora 'yar rumfa a sama. Matan unguwa su ka zo da madaɓai su ka daɓe ƙasan, kamar ana shirin ɗakin amarya.

Yanzu da safe za ku tarar da yara sun kewaye dakalin suna bin baƙaƙe da yatsa. Yarinyar nan mai fada da faɗa ita ta gina ɗ, ba ta kuwa yarda kowa ya jingina da shi. Har wa yau na lura da wata mai tallan gyaɗa, wadda ba a sa ta makaranta ba, kullum sai ta ajiye farantinta ta shafa baƙi guda ta tambayi sunansa. Na riga na je na gai da mahaifiyarta sau biyu, maganar tana nan ba ta nuna ba tukuna.

Wadda ke so ta gwada, ta fara da kaka bayan ruwa ya ɗauke, ta kuma tanadi ɓawon ɗorawarta tun lokacin da a ke kaɗo ta. Kada ta yi irin tawa.