Kifi Mai Huhu, Rago Marar Haƙoran Gaba a Sama: Abubuwan Mamaki a Jikin Halittun da Muka Saba da Su

Duk mai sayar da ɗanyen kifi a kasuwar Unguwar Rimi ta Kaduna ya san cewa idan aka fito da karfasa da tarwaɗa daga ruwa lokaci guda, karfasa ba ta daɗewa take mutuwa, ita kuwa tarwaɗa sai ta yini a cikin roba tana motsi, muddin jikinta bai bushe ba. Mai saye ya saba gani, mai sayarwa ya saba gani, har ba wanda ke tambayar dalili. Dalilin kuwa yana cikin kan nan da muke jefawa a tukunyar farfesu ba tare da mun buɗe shi ba.

In aka ɗaga murfin kunnen tarwaɗa, abin da ido zai fara gani shi ne jan naman nan mai tsaga-tsaga wanda kowane kifi ke tace iskar oksijin da shi daga cikin ruwa. A samansa akwai wani ɗan kogo, a cikin kogon akwai wani jan abu mai rassa, cike da ƙananan hanyoyin jini. Da shi tarwaɗa ke shaƙar iskar sarari kai tsaye. Shi ya sa take rayuwa a kududdufin da ya kashe sauran kifaye, shi ya sa take iya jan ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da dare ta koma wani ruwan, kuma shi ya sa masu kiwo ke iya cunkusa ta da yawa a ƙaramin tanki a bayan gida. Gashin bakinta guda takwas ma ba ado ba ne. Da su take laluben abinci, take kuma ɗanɗana shi tun kafin ya shiga baki.

Mun saba neman abin mamaki a hotunan dabbobin wasu ƙasashe da muke gani a talabijin da waya. Amma halittun da ke gabanmu, a tiren mai kifi da teburin mahauci, ba su gaza waɗancan ban mamaki ba. Kuma kusan kowane baƙon abu a jikinsu amsa ce ga wata matsala ta wannan ƙasa tamu.

Kogin da ke da fuska biyu

Kogin Kaduna, wanda ya ratsa ta gefen Unguwar Rimi, ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa Kogin Neja. Da damina yakan cika ya yi jawur da laka, har mutum ba ya ganin hannunsa a ciki. Da rani kuma ya ja baya, duwatsu da yashi su fito. Haka yawancin ruwayen Arewa suke. Kifin da zai rayu a cikinsu dole ya warware abu biyu: yadda zai gani a ruwan da haske ba ya shiga, da yadda zai yi in ruwan ya ƙafe.

Babu wadda ta warware matsalar ƙafewa kamar gaiwa, wadda ake samu a fadamun Haɗejiya da Nguru, da na Rima, da bakin Tafkin Chadi. Gaiwa tana da huhu biyu na gaske, kuma babbarta in aka hana ta ɗagowa ta shaƙi iska, ruwa ne zai kashe ta. Idan fadama ta fara janyewa, sai ta haƙa rami a cikin laka, ta naɗe jikinta, ta fitar da yauƙi mai yawa wanda zai bushe ya zama kwanso a kewaye da ita, ta bar 'yar kafa a daidai baki don iska. Daga nan bugun zuciya da numfashi su yi ƙasa ƙwarai. Maganar da masunta ke yi cewa gaiwa na cin jikinta tana da tushe, domin tsokarta ce jikin ke narkarwa kaɗan-kaɗan ya rayu a kai har ruwan sama ya dawo. A daji watanni take yi a haka, amma a ɗakin bincike an ga wadda ta haura shekara uku. Masanin halitta ɗan Ingila, Richard Owen, shi ya fara bayaninta a rubuce a 1839 daga wadda aka kawo masa daga Kogin Gambiya. A 2021 aka kammala karanta ƙwayoyin gadonta, aka tarar sun ninka na ɗan Adam sau goma sha uku a yawa.

Masu lantarki a jiki

Matsalar duhun ruwa kuwa, wasu kifayen da lantarki suka warware ta. Wanda ya taɓa kama minjirya da hannu ba ya mantawa. A ƙarƙashin fatarta akwai wani kauri mai kama da kitse da ya lulluɓe kusan dukan jikin, an gina shi da miliyoyin ƙwayoyin halitta waɗanda kowace ke samar da ɗan ƙaramin lantarki. In suka saki gaba ɗaya, ƙarfin na iya kaiwa bolt 350, alhali wutar da ke shigowa gidajenmu bolt 230 ce, sai dai na minjirya a ƙiftawar ido yake wucewa. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, ƙwayar jijiya ɗaya tak ce ke ba dukan ɓangaren dama umarni, ɗaya kuma ɓangaren hagu. Mutanen Masar sun zana minjirya a kan dutse tun kimanin shekara 5,000 da suka wuce, kuma likita Abdullaɗif al-Bagadadi, wanda ya zauna a Masar wajajen shekarar 1200, ya rubuta yadda take girgiza wanda ya taɓa ta.

Minjirya da lantarkinta take farauta da kare kai. Yauni, wanda wasu ke kira ɗan sarki, da nasa yake gani. Dubi jikinsa: ba shi da fiffiken wutsiya, ba shi da na ciki, amma yana da wani dogo da ya bi gadon bayansa, wanda yake kaɗawa ya yi gaba ko ya yi baya, jikinsa a miƙe sambal. A wajajen 1950 Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya lura cewa wannan kifi yana tafiya da baya ba tare da ya yi karo da komai ba. Da ya sa na'ura a ruwan, sai ya gano wutsiyarsa na fitar da lantarki marar ƙarfi sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, ba tsayawa. Duk abin da ya matso, dutse ne ko kifi, yakan sauya yadda lantarkin ke gudana, ƙananan kafofin da ke fatar kansa su ji sauyin. Zuwa 1958 Lissmann da abokin aikinsa Ken Machin sun tabbatar da haka ta hanyar gwaji. Da wannan kifi na kogunanmu duniya ta san akwai wata hanyar ji da ɗan Adam ba shi da ita.

Sauran ma kowa da nasa. Ƙayar ƙurungu, in ya miƙar da ita, wani ƙashi ne ke kulle ta a gindi, ta yadda mai son haɗiye shi zai shaƙe. Kukan nan da yake yi a hannun masunci ba daga baki yake fitowa ba, gindin ƙayar ne yake gogawa a cikin gurbinta. Akwai irin ƙurungun da ke iyo a rigingine yana kiwo a saman ruwa, shi kuma cikinsa ne baƙi, bayansa ya fi haske, akasin sauran kifaye. Talibambam ba shi da haƙarƙari ko ɗaya, don haka in ya tsorata sai ya ɗura ruwa a cikinsa ya kumbura. Macen karfasa kuwa a baki take renon ƙwanta, ta yi mako ɗaya zuwa biyu ba ta ci komai ba har su ƙyanƙyashe su ɗan yi ƙwari.

Bakin rago da tumbinsa

A tudu ma haka abin yake. Mai sayen ragon layya yakan buɗe bakinsa ya duba shekarunsa, amma ba kowa ke lura cewa haƙoran gaba takwas ɗin duk a ƙasa suke ba. A sama, ta gaba, ba komai sai dasashi mai tauri. Haka akuya, haka saniya. Ƙwayar idonsu kuma a kwance take, ba zagayayya irin tamu ba, abin da ke ba su damar hango gefe da gefe. Wani bincike da Martin Banks na Jami'ar Kalifoniya ya jagoranta a 2015 ya nuna cewa in dabbar ta sunkuyar da kai tana kiwo, idon kan juya a cikin gurbinsa don ƙwayar ta ci gaba da zama daidai da shimfiɗar ƙasa. Tana cin ciyawa, tana gadin kanta.

Cikin saniya ɗaki huɗu ne, tumbi ne mafi girma. Ita kanta ba ta iya narkar da ciyawa. Biliyoyin ƙananan halittu da ido ba ya gani ne ke zaune a tumbin suna yi mata aikin, ita kuma ta dawo da abincin baki ta yi tuƙa ta sake haɗiyewa. A nan ne sanin jikin dabba ya zama maganar aljihu. Saniya da harshe take naɗo abinci ta haɗiye ba tare da ta tauna sosai ba, shi ya sa leda ke wuce mata cikin sauƙi. In ta shiga tumbi ba ta narkewa, ba ta fita, sai ta dunƙule ta cinye wurin abinci. Mahauta a kwata sun san wannan dunƙule sarai. Dabba ta yi ta ramewa, mai ita na ta sayen magani, alhali ledar bola ce ke kashe ta.

Shi kuwa jemagen da ke fitowa da magariba, fiffikensa hannu ne. Ƙasusuwan yatsunsa huɗu ne suka yi tsawo, fata ta haɗe tsakaninsu, babban yatsa ya rage a waje da farcensa. In ya rataye, nauyin jikinsa ne ke ja wa jijiyoyin ƙafarsa su kulle, don haka yana barci ba ya gajiya, ba ya faɗowa. Manyan, masu cin 'ya'yan itace, da ido da hanci suke neman abinci, kuma su ke yaɗa irin itatuwa zuwa wurare masu nisa. Ƙananan, masu cin ƙwari, ƙara suke fitarwa wadda kunnenmu ba ya ji, su saurari dawowarta.

Ayu da raƙumin dawa

Kusan duk dabbar da ke shayarwa gaɓoɓin ƙashin wuyanta bakwai ne, daga ɓera har mutum. Raƙumin dawan Kure, kusa da Yamai, duk tsawon wuyansa bakwai ɗin ne, sai dai kowace gaɓa na iya kaiwa santimita 25. Ayu yana cikin 'yan tsirarun da suka saɓa: nasa shida ne, don haka in zai waiwaya sai ya juya da dukan jikinsa. Da yawa daga cikinmu man ayu kawai muka sani a bakin masu magani, ba mu san dabba ce mai shayarwa ba, mai numfashi da huhu, wadda nononta ke a hammata. Haƙarƙarinsa a cushe yake, da nauyi, don ya riƙe shi a ƙasan ruwa inda yake kiwo. Turamen haƙoransa kuwa tafiya suke yi: sabo ya tsiro a can ciki, ya riƙa matsowa gaba, in yashin da ke cikin ciyawa ya cinye shi ya faɗi, wani na biye. Ana samun ayu a kogunan Neja da Binuwai da tafkin Pandam na Jihar Filato, amma yana raguwa, domin macen ɗa ɗaya take haifa bayan cikin kusan shekara guda, farauta kuma ba ta jiran haihuwa. Raƙuman dawan Kure sun ragu zuwa 49 a 1996, amma da aka kare su, yau sun haura 600. Ayu ma yana bukatar irin wannan kariya.

Ilimin da ke bakin ƙofa

Unguwar Rimi ba ta rasa masana ba. Cibiyar binciken cutar barci da sammore ta ƙasa tana kan titin Surame, Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, tana kan titin Tafawa Ɓalewa, ga tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ga cibiyar binciken kifi a New Bussa. A ɗaya gefen kuma ga masunta da mahauta, waɗanda hannunsu ya san cikin kifi da dabba fiye da kowane zane a allo. Duk da haka ɗalibi kan gama sakandare yana haddace sassan jikin kifi da Turanci, bai taɓa ɗaga kunnen ko guda ya duba ba.

Gyaran wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Malamin kimiyya zai iya shiga aji da kan rago da tumbi daga wurin mahauci, ya gayyaci dattijon masunci ya faɗi sunayen kifayen da yake kamawa a da da waɗanda ya daina gani. Yaron da ya ga dunƙulen leda daga cikin tumbi da idonsa ba sai an yi masa doguwar nasiha a kan shara ba. Wanda ya san yauni da fatarsa yake ji zai gane illar dattin masana'antu da na magudanan gari da ake turawa kogi.

A 1967 Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta fitar da littafi a kan kifayen Arewacin Nijeriya, wanda William Reed da Ibrahim Yaro da abokan aikinsu suka rubuta da Turanci. Fiye da shekara hamsin ke nan. Lokaci ya yi da malaman jami'o'inmu za su zauna da sarakunan ruwa da sarakunan fawa su samar da irinsa da Hausa, da hotunan kusa masu kyau, tun dattawan da suka san sunan kowane kifi da halinsa suna raye.