Uban Da Ya Rasu Da Uban Da Ke Raye

Shekara ashirin da uku ce tsakanin finafinan Rasha biyu da suka tambayi abu guda: ina 'ya'yan ma'aikata suka dosa? Na farko shi ne Mne dvadtsat let, wato "Shekaruna Ashirin", na Marlen Khutsiev, wanda ya fito a 1965. Na biyu Malenkaya Vera, "Ƙaramar Vera", na Vasily Pichul, a 1988.

A fim ɗin Khutsiev, Sergei ya dawo Mosko daga aikin soja, yana yawo da abokansa biyu, suna aiki suna hira, amma zuciya ba ta kwanta ba. Daga baya mahaifinsa da ya mutu a yaƙin duniya na biyu ya bayyana gare shi. Ɗan ya nemi shawara, sai ga shi uban ya rasu bai kai shekarun ɗan ba, ba shi da abin faɗa. Wannan wurin ya fusata Khrushchev, shugaban Tarayyar Sobiyet na lokacin, ya caccaki fim ɗin a 1963, aka sa Khutsiev ya yi masa gyare-gyare kafin a sake shi.

Vera kuwa ubanta na nan da ransa, kuma nan ciwon yake. Direban babbar mota ne, mashayi, a Zhdanov, garin masana'antun ƙarfe da yanzu ake kira Mariupol. Ta gama makaranta, ba ta da abin yi sai gantali da rawa. Gidan a matse, kullum hayaniya a ɗakin girki. Ranar da uban ya daɓa wa saurayinta wuƙa, 'yan gida suka taru a kanta ta yi ƙarya don kada a ɗaure shi. Jaruma Natalya Negoda ta fito da yarinyar yadda mai kallo zai ji haushinta, ya kuma ji tausayinta a lokaci guda. Mutum fiye da miliyan 50 suka kalli fim ɗin a Tarayyar Sobiyet.

Samarin Khutsiev sun rikice, amma sun yarda akwai amsa a wani wuri, shi ya sa suke nema. Vera ta daina tambaya ma.

A wajen kyan hoto da natsuwa, Khutsiev ya yi gaba. Amma idan ana son ganin yadda gida ke cinye 'yarsa alhali kowa na cewa ƙaunarta yake yi, fim ɗin Pichul ya fi faɗin gaskiya, kuma shi nake so mai karatu ya fara nema.