Kwakwa: Abin da Take Yi wa Jiki, da Abin da Ba Ta Yi

'Yan'uwa manoma, a kusan kowace kasuwa ta ƙasarmu akan ga kwakwa, an fasa ta an yanka ƙanana a kan faranti, ko kuwa an jera ta tare da dabino da aya. Tsofaffi suna kiranta kwakwar Attagara, don a bambanta ta da kwakwar manja. A kwanakin nan maganarta ta yi yawa. Wasu sun ce manta yana warkar da kowace cuta, wasu kuma sun ce ruwanta yana kashe guba. Tun da kuɗin manomi da gumi yake samunsa, ya kamata mu san gaskiyar abin da muke saya wa iyalinmu.

Inda take fitowa

Kwakwa itaciyar bakin teku ce. Tana son zafi, da iska mai laima, da ruwan sama kamar milimita 1,500 ko fiye a shekara, wanda yake sauka cikin yawancin watanni. Ƙasashen da suka fi noma ta su ne Indonesiya, da Filifin, da Indiya. A Nijeriya an fi samunta a Badagiri ta Jihar Legas da sauran garuruwan bakin teku, daga can ne motoci suke kawo mana ita. Doguwar iri takan yi shekara 6 zuwa 10 kafin ta fara 'ya'ya, gajeruwar kuwa shekara 3 zuwa 5. Kowace ƙwara tana ɗaukar wajen wata 12 kafin ta ƙosa.

A wurinmu damina gajeruwa ce, rani kuwa dogo, ga hunturu mai busar da ganye. Saboda haka, in ban da wanda yake da lambu a bakin kogi inda ruwa ba ya yankewa, yawancinmu saye za mu yi, ba shuka ba.

Abin da yake cikinta

Malaman lafiya sun kasa abinci kashi uku: mai ba da ƙarfi, mai gina jiki, da mai kare jiki daga cututtuka. Kwakwa tana cikin kashi na fari. In an auna giram 100 na farar tsokarta, watau kamar babban yanki guda, kusan rabi ruwa ne, giram 33 mai ne, giram 9 kuwa wani abu ne kamar dusa wanda ba ya narkewa a ciki. Abin gina jiki da yake cikinta bai wuce giram 3 da ɗan kaɗan ba.

Man nan shi ne babban amfaninta. Cokali guda na mai yana ba da ƙarfi fiye da ninki biyu na cokalin garin dawa. Mai huɗa ko mai girbi wanda ya ci yankin kwakwa da hantsi zai daɗe bai ji yunwa ba. Yaro kuma cikinsa ƙarami ne, kunun da aka tsinka da ruwa yakan cika masa ciki ba tare da ya ƙoshi da gaske ba. In an zuba ɗan mai ko madarar kwakwa a kunun, ƙarfinsa yana ƙaruwa. Dusar nan da ke cikinta kuwa tana taimakon mai fama da taurin bayan gida.

Amma sai mu gwada ta da abin da yake rumbunmu. A giram 100 na gyaɗa akwai abin gina jiki kamar giram 25, a wake kamar giram 23, a waken suya kuwa kamar giram 36. Ashe gyaɗa ta ninka kwakwa wajen sau bakwai a gina jiki, ta kuma fi ta mai. Uwar da ta sayar da gyaɗarta ko ƙwan kajinta don ta sayo wa yaro man kwakwa a kwalba ta yi hasara sau biyu, ta kuɗi da ta lafiyar ɗanta. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Madarar kwakwa kuma suna ne kawai. Ba nono ba ce, ba ta kuwa iya tsayawa a madadinsa. Jariri ba ya bukatar kome sai nonon uwa har ya cika wata 6, ko ruwan kwakwa kada a ba shi.

Ruwan kwakwa

Ruwan da yake cikin ƙwarar da ba a fasa ba mai tsabta ne, yana da ɗan zaƙi, yana kashe ƙishi. Ɗanyar kwakwa mai koren ɓawo ita ta fi ruwa, wadda take iso mana kuwa ta riga ta ƙosa, ruwanta kaɗan ne. A wasu wurare ana hana yara sha, wai yana sa daƙiƙanci a makaranta. Wannan camfi ne, ba shi da tushe.

Akwai abu biyu da ya wajaba mu kiyaye, gama sun shafi rai.

Na ɗaya, zawo. Yaron da yake zawo yana zubar da ruwa da gishirin jikinsa, abin da yake kashe shi ke nan. Ruwan kwakwa yana da wani irin gishiri da ake kira fotasiyam da yawa, amma gishirin da muka sani, wanda zawo ya fi kwashewa, bai isa a cikinsa ba. Ana iya ba yaro ya sha in akwai, amma maganin shi ne ruwan gishiri da sukari na ƙunshi wanda ake samu a asibiti da shagon magani, tare da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. In babu ƙunshin, a sami lita guda ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a dama, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan. Kada a daina ba shi nono da abinci. In idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, ko an ga jini a bayan gidansa, a kai shi asibiti nan da nan.

Na biyu, guba. Yanzu kusan kowane gida yana da maganin feshi na ciyawa ko na ƙwari. In mutum ya sha shi bisa kuskure, ruwan kwakwa ba zai kashe gubar ba, manja ma haka. Lokacin da za a ɓata wajen neman kwakwa shi ne lokacin da za a cece shi. A ɗauke shi zuwa asibiti, a tafi da kwalbar maganin don likita ya ga irinsa.

Masu ciwon ƙoda kuma su tambayi likita kafin su riƙa shan ruwan kwakwa, domin ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da fotasiyam yadda ya kamata.

Man kwakwa

Duk wanda ya ajiye man kwakwa da hunturu ya ga yadda yake daskarewa. Dalili shi ne fiye da kashi 80 cikin 100 nasa irin kitsen nan ne mai sandarewa. A manja irin wannan kitse kamar rabi ne, a man gyaɗa kuwa bai kai kashi 20 ba. Yawan cinsa yana ƙara kitsen da yake taruwa a hanyoyin jini. Saboda haka a shekara ta 2017 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta shawarci mutane kada su mai da shi man girkinsu. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai ƙiba, su yi hattara. Ba ya warkar da ciwon sukari, kada kowa ya bar maganin asibiti dominsa. Ba shi kuma da bitamin A wanda yake cikin jan manja, mai kare idon yara.

Inda ya yi kyau shi ne a fata. Yana tausasa jikin da hunturu ya busar, da faso, da gashi.

Yadda za a saya, a kuma yi amfani da ita

1. Ɗauki mai nauyi, ka girgiza ta kusa da kunne. In ba ka ji motsin ruwa ba, bar ta.
2. Duba idanunta uku. In akwai danshi, ko tsaga, ko fumfuna, ta lalace.
3. In an fasa, a cinye a ranar. Abin da ya rage a goge shi a shanya ya bushe sarai. Wadda ta yi yauƙi ko tsami a zubar.
4. Yankakkiyar da ta wuni a buɗe cikin ƙura da ƙuda, ko a jiƙe cikin ruwan da ba a san asalinsa ba, tana iya kawo zawo.
5. Kada a ba ƙaramin yaro gutsure, yana iya shaƙe shi. A goge a magogi, a zuba ruwan ɗumi mai tsabta, a tace da ƙyalle, a sa madarar a kunun gyaɗa ko na waken suya. Dusar da ta rage a ba kaji.

Allah cikin alherinsa ya ba kowace ƙasa nata abinci. Ya ba mutanen bakin teku kwakwa, mu kuwa ya ba mu gyaɗa, da wake, da riɗi, da zogale. Mu ci kwakwa da godiya sa'ad da muka samu, amma kada mu raina abin da yake gonarmu. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi da zumuntar mata su karanta wannan a taronsu na gaba, su kuma gwada haɗa ruwan gishiri da sukari a gaban kowa, har kowace uwa ta iya da hannunta.